Kafin a Rufe Gidan Gem, a Leƙa Shagon da ke Kallonsa

Labari ya iso mana cewa wasu dattawan layinmu sun yanke shawarar a rufe gidan gem ɗin nan na bayan masu shayi, a ba yaron da ke riƙe da shi mako biyu ya kwashe kayansa. Har an aiko a ce mu sa baki a masallaci, tunda mu ke jan salla idan liman ya yi tafiya. To mun ƙi. Ga dalilinmu kuma a rubuce, don kada gobe a ce ɗan kasuwa ne, an ba shi na goro ya yi shiru.

Abin da ya fara ba mu dariya a lamarin shi ne masu ɗaga murya yawancinsu sa'o'inmu ne. Tun muna yawo da gajeren wando muka san juna. Wanda ya fi kowa kumfar baki a zaman, shi ne wanda a da sai an ɓamɓare masa hannun gem da ƙarfi kafin wani ya samu ya taɓa. Ba za mu kama suna ba, ya san kansa. Furfura ba ta goge abin da idonmu ya gani ba.

Bari mu tuna masa, ko da ya manta. Gem na farko da ya shigo layin nan tsarabar Makka ce. Wani Alhaji mai fataucin goro ya dawo daga aikin Hajji da zamzam da dabino da bagaruwa, a ƙasan jaka kuma ga wani ɗan abu kamar kalkuleta, an rubuta Game & Watch a jikinsa. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fara yin irinsa a 1980, agogo ne kuma abin wasa ne. A cikinsa bene ya kama da wuta, mutane na dirowa, kai kuma kana tura 'yan kwana-kwana biyu da shimfiɗa su tare su. Shi ke nan wasan. Maɓalli biyu, hagu da dama. Amma wallahi yara goma sha za ka gani sun haɗa kai a kan ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba, ana hura wa juna numfashi a wuya. Ranar da batirinsa ya ƙare, irin ƙananan nan masu kama da maɓallin riga, har Dugbe aka taka a ƙasa nemansa.

Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1980, sai ga babba, mai kalar ja da fari, wanda ake jona wa a talabijin. Famicom sunansa, a 1983 ya fito a Japan, Super Mario kuma ya biyo baya a 1985. Namu ko na asali ne ko kwaikwayo, babu wanda ya damu. A zauren wani ɗan canji aka kafa shi. Sai an zare wayar eriya an soka tasa, a yi ta murɗa tasha har hoto ya tsaya. Idan kaset ya ƙi, a zare a hura masa iska a mayar, kowa da irin tasa hurawar, har da masu tofi. Wani kaset ɗin a rubuce wasa ɗaruruwa ne a ciki, ka buɗe ka tarar guda biyar ne ko shida ake ta maimaitawa da sabon suna. A nan muka fara sanin cewa abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban, darasin da ya yi mana amfani a kasuwa fiye da lissafin firamare.

Sule ɗaya ake biya, ka mutu ka tashi. Mario ya ci laimar kwaɗi ya girma, zaure ya ɗauki ihu. Ya faɗa rami, a yi maka ature. Akwai na harbin agwagwa da bindigar roba, wanda idan ka kuskure wani kare ya ɗago kai daga ciyawa yana maka dariya, har yau ba mu yafe wa karen nan ba. Ana tsakiyar mataki na ƙarshe sai a ɗauke wuta, ɗaki ya yi tsit, sannan kowa ya fara rantsuwa cewa saura ƙiris. Yaran Yarbawa daga Mokola suna zuwa, rabin Yarbancin da muke ciniki da shi yau a wannan zauren muka tsince shi, har da zagin.

Amma kada wani ya ce muna yabon zamaninmu ne don namu ne. Akwai masu cewa, "Ai gem ɗin da mai tsabta ne, na yanzu ne lalatacce, mu yaran kirki ne." Haba malam! Wa ya ci canjin cefane ya ce ya faɗi a kwata? Mu ne. Wa ya rataya jakar Islamiyya ya ɓuya a zaure har aka taso? Mu ne, kuma dorinar da muka sha ranar har yanzu bayanmu na tunawa. Ƙannenmu kuwa da suka zo zamanin Sega, sun buga Mortal Kombat, wasan da jinin da ke cikinsa ya sa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993. Su ma can ba hanawa suka yi ba, abin da ya biyo baya shi ne a 1994 aka fara buga wa kowane wasa alamar shekarun da suka dace da shi. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mun ga alhazai da hula zanna suna kiwon maciji a Nokia 3310 a bakin shago, mai saye na tsaye yana sallama. To wace tsabta ake magana?

Abin da ya tsare mu a lokacin abu ɗaya ne, kuma shi ne zuciyar wannan magana. Wasan a fili ake yinsa, kuma akwai babba a wurin. Mai zauren nan da ladan ya ɗaga murya zai miƙa hannu ya zare adafta, ko da kana kan gadar ƙarshe ne, ya kora mu gaba har bakin famfo. Ya san ɗan wane ne kowa. Ya ga kuɗin da ya fi ƙarfin yaro, sai ya riƙe ya aika gidansu a tambaya. Uwa na neman ɗanta ta san inda za ta tura. Babu wanda ya ce a ƙona akwatin.

Ba mu ce koken iyaye ƙarya ba ne. Gaskiya ne gidan gem ɗin nan yana kaiwa sha biyun dare, janareta na hana maƙwabta barci. Gaskiya ne an ga yara da kayan makaranta a ciki da hantsi. Mun kuma ji cewa wasu kan ajiye kuɗi a tsakani kafin su buga ƙwallo, wanda ya ci ya kwashe, wannan kuwa caca ce tsirara ko da a talabijin aka yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa nacin gem da ya hana mutum barci da aiki da karatu cikin jerin cututtuka. Duk mun yarda. Amma wanda ɗankwalinsa ya yi datti wanki yake kaiwa.

Ku rufe ɗin, sai me? Ina yaran za su? Ku nuna mana fili ɗaya da ya rage a Sabo inda yaro zai buga langa ko ƙwallon tsumma. Duk inda muka yi wasa a da mun gina shago, mun gina ɗakin haya, har lungun da ake shanya an sa masa ƙofa da kwaɗo. Mu muka yi, da hannunmu, kuma muna karɓar kuɗin duk wata. Yaron da aka kora daga gidan gem hanya uku ce a gabansa. Ko ya tsallaka titi zuwa wata unguwa inda babu wanda ya san ubansa. Ko ya shige bargo da wayar uwarsa har Asuba, shi kaɗai, yana wasa da mutanen da ba mu san ko su wane ne ba, wasannin da wasunsu ake sayar wa yaro akwati rufe da kuɗi, bai san me ke ciki ba sai ya biya, abin da ƙasar Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Ko kuma ya taka ƙafa goma ya shiga shagon da ke kallon gidan gem ɗin.

To ga inda muke so a tsaya. Wannan shagon mai fenti mai ƙyalli da allunan talabijin a bango, wa ya kawo maganarsa a zaman? Babu. Ku fita da kanku daga bakin masallaci zuwa titi ku ƙirga irinsa nawa ne. Ku dubi ƙasa a ƙofarsu da yamma, takardu ne dogaye birjik kamar an yi ruwansu, kowace ɗaya kuɗin wani ne da ya tafi. A gidan gem yaro ya biya kuɗi ya yi wasa ya tashi, ya san abin da ya saya. A can kuwa ya ba da kuɗi don ya samo kuɗi, ya rasa ya koma don ya fanshe, ya sake rasawa ya ci bashi. Doka ta ce sai mai shekara 18, amma wa bai ga yaro ɗan sha huɗu yana miƙa wa babba kuɗi a waje ya yanko masa ba? Mu da ke kasuwa mun san yaran shago nawa aka sallama saboda ciniki ya yi ƙafa, mun san masu tura baro da 'yan acaɓa da ke wuni a rana su kai wa shagon nan da Magariba. An kawo mana ƙarar aure fiye da ɗaya a kan wannan, miji ya sayar da wayar matarsa saboda wata ƙungiyar Ingila ta ƙi cin ƙwallo.

A wajen hukunci ma abin ba ɗaya ba ne, kowane ɗan Islamiyya ya sani. Caca Alƙur'ani ya ambace ta da sunanta, ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, babu malamin da ya yi saɓani a kanta. Wasa kuwa ana duba abin da ke cikinsa ne da abin da ya hana ka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo a bayan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. To yaya aka yi muka tsallake wanda babu shakka a kansa, muka taru a kan wanda ake iya gyarawa?

Amsar ba ta da daɗi, amma za mu faɗa. Yaron gidan gem maraya ne, da kuɗin gadon da bai taka kara ya karya ba ya sayi PlayStation biyu na hannu da tsohuwar talabijin, da su yake ciyar da uwarsa. Ba shi da kowa. Shagunan caca kuwa a ginin wa suke? Wa ke karɓar hayarsu shekara biyu gaba ɗaya? Wasunsu a sahun farko suke salla, a bayanmu. Wasu kuma da suka sa hannu a takardar korar yaron, a aljihun babbar rigarsu akwai doguwar takardar nan a ninke. Inda katanga ta yi gajarta nan kowa ke gwada tsalle.

Abin da za mu kai zaman Lahadi bayan La'asar ke nan. A kira yaron a zaunar da shi kamar mutum. Ba yaro mai kayan makaranta da safe, ba kowa lokacin Islamiyya, a kashe komai da kiran salla, a rufe ƙarfe tara. Wasan da ke da tsiraici ko yankan kai a cire shi. Duk wanda aka kama ya ajiye kuɗi a tsakani a kore shi mako guda a kuma faɗa wa ubansa. Ƙofa ta zauna a buɗe, a cire labulen nan baƙi, dattijo ya riƙa leƙawa, mu ma za mu ɗauki ranarmu. Mun riga mun yi magana da shi, ya ce ya yarda, har ya ce zai riƙa kora su masallaci da kansa. Idan ya saɓa bayan wata uku, mu za mu fara kawo kwaɗon.

Amma a wannan zaman dai, kafin a tashi, za mu nemi a karanto sunayen masu ginin da aka ba 'yan caca haya a layin nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ranar da yarjejeniyarsa za ta ƙare da abin da ya yi niyya bayan nan. Wanda ya aiko mana mu yi wa'azi a kan gidan gem, muna roƙonsa ya zo da wuri ya zauna a gaba.