Lahadin da Fada bai zo ba

A watan Disamba na 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ta Katsina, kuma Bahaushe na farko da ya hau wannan kujera a ɗariƙar Katolika. Rogo na bakin iyakar jihar Katsina, Karaye na maƙwabtaka da ita, don haka Hausawa Kiristocin ƙauyukan nan, jikokin Maguzawa, sun cancanci su ce nasu ne ya samu. Sai dai naɗin ya raba su da wani tsohon uzuri, na cewa Katolika addinin Turawan mishan ne da baƙin Sabon Gari, ɗan ƙasa kuwa ɗan rakiya ne. Tunda abin ya zama na gida, ɗawainiyarsa ma ta gida ce.

Karaye da Rogo suna ƙarƙashin dayosis ta Kano, wadda ta samu cikakken matsayi a 1999, Bishop John Namaza Niyiring kuma ke jagorantarta tun 2008. Ƙasa ce mai faɗi, ta haɗa har da Jigawa. A karkara Fada ɗaya kan zagaya ƙauyuka da dama, in damina ta sauka kuwa babur ma sai ya yi da gaske. Saboda haka ba a gane ƙarfin bangaskiyar ƙauye a ranar da Fada ya zo, coci ta cika maƙil, 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu cikin anko. Ana gane shi ne a Lahadin da ba Fada, lokacin da katikis ya buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a bishiya, ya tsaya yana duban hanya. Wa ya fito? Wane magidanci ne ya tara iyalinsa da dare aka ja rosari? Wa ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda ke nan da Hausa tun 1932, ya karanta wa 'ya'yansa ba tare da in-ina ba?

Wani zai ce wannan aikin Fada ne. Tarihin ɗariƙar kanta bai goyi bayansa ba. A Koriya, mutanen gari ne suka kafa ikilisiya a 1784, suka riƙe ta shekara goma kafin firist ya taka ƙasar. A Japan, Kiristoci sun haura shekara ɗari biyu ba firist ko ɗaya, iyaye na yi wa 'ya'ya baftisma suna koya musu addu'a a ɓoye, har aka gano su a Nagasaki a 1865. A 2021 kuma Fafaroma Francis ya mayar da aikin katikis hidima tabbatacciya a ikilisiya. Abin takaici ne a ce mutumin da Roma ta girmama haka, a ƙauyensa an bar shi da noman gonarsa shi kaɗai, ga jana'iza, ga koyar da yara, ga sulhunta ma'aurata.

Hujjar talauci ta fi nauyi, ba na raina ta. Manomin da taki ya gagara, ga shi yana hangen ruwan madatsar Challawa a Karaye ba shi da injin ban ruwa, ba a yi masa wa'azin baiko mai tsoka. Amma yawancin abin da ake nema ba na kuɗi ba ne. Yini guda na gayya a gonar katikis, dami ɗaya na dawa a godiyar kaka, barin yarinya ta ƙare makaranta kafin maganar aure, kame baki a azumin kwana arba'in da gaske ba da suna ba. Maƙwabtanmu Musulmi talaucin nan ɗaya suke sha, bai hana su tashi sallar asuba ba, bai hana yaro ɗaukar allo ba. Wannan abin koyi ne.

Masu cewa 'yan tsiraru gara su yi shiru su lallaɓa, sun ɗauka ƙwazo shi ne hayaniya. Ba lasifika ake nufi ba. Ana nufin mudu ya cika a kasuwar Rogo, bashi a biya shi ran da aka ce, burkutu kar ta cinye kuɗin makarantar yara, in maƙwabci ya yi rashi a je gaisuwa ko wane addini yake bi. Irin wannan bai taɓa tayar da fitina ba, mutunci yake jawowa.

Iyaye da matasan Katolika na Karaye da Rogo, ran Lahadi mai zuwa in kun ji ƙarfen nan ya buga, ku fito, ko da an ce Fada yana wani ƙauye.