Sharhi: Ko Kwas Ɗin Kuɗi Yana Da Amfani Ga Alƙalan Wasan Makarantunmu?

A duk lokacin da wasannin makarantu suka kankama a ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara, akan sake tayar da batun alƙalan wasa. Galibin masu busa usur a wasannin ƙwallon ƙafa na makarantun sakandare malaman wasanni da motsa jiki ne, ko kuwa tsofaffin 'yan ƙwallo na gari waɗanda jama'a suka amince da su. Daga cikinsu akwai masu tambayar ko ya dace mutum ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya tafi Zariya ko Kaduna domin halartar kwas ɗin alƙalanci, alhali abin da akan ba shi bayan wasa bai wuce na ruwa da na mashin ba. Shugabannin makarantu da jami'an ƙananan hukumomi su ma suna da wannan tambaya, tunda su ake kai wa takardar neman tallafi.

A ganinmu horon yana da amfani, amma ba kowane kwas ba, kuma bai kamata nauyinsa ya faɗa kan malami shi kaɗai ba.

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, kuma hukumar IFAB mai alhakin tsara su takan yi musu gyara kusan kowace shekara. Tun 2016 aka yarda a buga ƙwallon fara wasa ta kowace fuska, ba lallai sai gaba ba. A 2019 aka yi gyare-gyare masu yawa: ba dole ba ne ƙwallo ta fita daga yadi na sha takwas kafin abokin wasa ya taɓa ta idan mai tsaron gida ya buga bayan ta fita waje, ɗan wasan da aka canja zai fita ta layin da ya fi kusa da shi, an kuma bai wa alƙali ikon nuna wa mai horarwa katin gargaɗi ko jan kati. Har ila yau, idan ƙwallo ta bugi alƙali ta koma hannun ɗaya ƙungiyar, ko ta shiga raga, sai a tsayar da wasa a saki ƙwallo. Daga 2025 kuwa, mai tsaron gidan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas ya jawo wa ƙungiyarsa bugun kusurwa, kuma alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga daƙiƙa biyar na ƙarshe kowa yana gani. A da daƙiƙa shida ne, hukuncin kuma bugun tazara.

Abin lura a nan shi ne, yaran da ke buga wasan sun san waɗannan canje-canje. Suna kallon gasar Ingila da ta Sifen a gidajen kallon ƙwallo na Hunkuyi da Maƙarfi, suna kuma bin muhawara a wayoyinsu. Idan malami ya yanke hukunci da dokar da ya koya shekara goma sha biyar da suka wuce, ɗalibin aji biyar zai iya ja da shi, kuma gaskiya tana wajen ɗalibin. Daga nan ne 'yan kallo ke shigowa fili. Wasan da aka shirya domin sada zumunci tsakanin garuruwa biyu sai ya koma zage-zage da jifa, daga bisani maganar ta kai gaban dagaci ko hakimi, a ƙarshe shugaban makaranta ya ce ya haƙura da shiga gasa gaba ɗaya. Asarar kuma ta yara ce.

Akwai kuma batun lafiya, wanda mu a wajenmu ya fi duk sauran muhimmanci. A filin makaranta babu likita, babu motar ɗaukar marasa lafiya, alƙali ne na farko da zai isa wurin yaron da ya faɗi. Doka ta ba shi ikon tsayar da wasa nan take idan rauni mai tsanani ne, ta kuma wajabta masa fitar da duk mai zubar jini har sai an tsayar da jinin. Yaron da ya gwara kai da wani, ya tashi yana layi ko bai san inda yake ba, ba a mayar da shi fili don kawai mai horarwa ya ce jarumi ne. Haka nan dokar ta amince da hutun shan ruwa na minti ɗaya, da hutun sanyaya jiki na daƙiƙa 90 zuwa minti uku, abin da ake matuƙar buƙata a zafin watannin Maris da Afrilu. Ta kuma yarda hukumar ƙwallo ta ƙasa ta rage tsawon lokacin wasa da girman fili ga ƙananan yara. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu ta kallon talabijin.

To amma wane kwas? A Nijeriya harkar alƙalanci tana ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa, wato NFF, tare da Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Nijeriya, wadda ke da rassa a jihohi. Ta wannan hanya ce mutum ke yin rajista, ya zauna jarrabawa, a gwada ƙarfin gudunsa da lafiyarsa, sannan ya riƙa hawa mataki-mataki. Kwas ɗin da ya fito ta nan, ko wanda aka shirya da amincewarsu, shi ne takardarsa ke da daraja. Amma akwai masu shirya taron kwana ɗaya a ɗakin otal, a karanta takardu, a ci abinci, a raba satifiket mai ƙyalli wanda ba wata hukumar da ta san da shi. Irin wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma muna jan hankalin jami'an da ke sa hannu a takardun biya da su nemi shaidar amincewar hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kafin su fitar da ko kwabo. Wata alamar kuma ita ce fili. Alƙalanci aikin ƙafa ne: inda za ka tsaya, yadda za ka yi gudu ka riƙa ganin mai ɗaga tuta, yadda za ka yi magana da yaron da ya fusata. A Ingila, inda ake biyan kuɗin kwas kuma ake karɓar ɗan shekara 14, ba a ɗaukar mutum ya kammala sai ya busa wasanni biyar. Kwas ɗin da ba a fita fili ba, rabin kwas ne.

Masu cewa kuɗin ba ya dawowa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Malamin da ke da iyali, ga taki da zai saya wa gonar masara ko rake, ba za a ga laifinsa ba idan ya fifita buhun taki a kan kwas. Ga wanda ya haura shekara arba'in, wanda ba ya da burin wuce wasannin makarantu, biyan kuɗin dogon kwas daga albashinsa ba dabara ba ce. Bitar kwana biyu a kan sababbin dokoki da taimakon gaggawa ta ishe shi. Matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai lamarinsa daban ne, domin yana da lokacin da zai hau matakan har ya kai ga busa gasar ƙasa. Ƙasar ma tana da giɓi a wannan fanni, ganin cewa babu alƙalin Nijeriya ko ɗaya a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2023 da aka buga a Kwaddibuwa. Jihar da filinta na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009 bai kamata ta rasa masu tasowa daga karkara ba.

Tunda amfanin horon na makarantu ne da al'umma, su ya dace su ɗauki mafi yawan nauyinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo mai koyarwa maimakon a tura masu koyo. Idan sassan da ke kula da wasanni na ƙananan hukumomin uku suka haɗa kai da ofisoshin ilmi na shiyya, za a iya gayyato ƙwararrun malaman alƙalanci daga ƙungiyar jiha, tare da malaman ilmin motsa jiki daga Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa a Zariya, a yi horon a filin wata makaranta a Hunkuyi bana, baɗi a koma Maƙarfi ko Ikara. Kuɗin motar mutum biyu ko uku bai kai na mutum talatin ba, ba a kuma buƙatar masauki. Ƙungiyoyin iyaye da malamai za su iya ɗaukar nauyin usur da katuna da tutoci. Ya kamata a sa malamai mata a cikin jerin, saboda makarantun 'yan mata su ma suna da wasanninsu.

Sharaɗi ɗaya muke ba da shawarar a gindaya: duk wanda aka horar da kuɗin jama'a ya sa hannu cewa zai busa wasannin makarantun yankinsa na tsawon zangon karatu uku, kuma a riƙa ajiye sunayensu a ofishin ƙaramar hukuma, ta yadda idan makarantu biyu za su kara, za a turo alƙali daga makaranta ta uku. Shugabannin makarantun da ke da malamai masu sha'awa suna iya fara miƙa sunayensu tun kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa.