Me Muka Yar a Kan Dutse?

Duk wanda ya yi sammako ran Lahadi ya nufi Dutsen Febe zai tarar da hanya cike da mutane: Turawa da gorar ruwansu, ma'aikatan gwamnati, har da tsofaffin mata, kowa na haki yana hawa. Ɗan Briqueterie fa? Sai dai a gan shi bisa babur, ya sauke fasinja ya juya.

Bara mun shirya kai yaran ajinmu can. Wani uba ya tare mu a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, me kuka yar a kan dutse da za ku je nema? Wannan ai aikin Nasara ne, wanda ya ci ya ƙoshi." Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mana a rai.

Alhaji yana da tasa gaskiyar. Tela da mahauci da mai shago ba su da Lahadi, kuma wanda ya wuni tsaye gaban tukubar tsire ba sai an koya masa gajiya ba. Ga kuma tunanin da muka tashi da shi, wai tafiya a ƙasa alamar rashi ce, mai hali mota yake shiga. To amma batun Nasara, ba mu yarda ba. Da Jamusawa suka kafa sansani a Yawunde a ƙarshen ƙarni na 19, da me fataken Hausa suka iso nan? Da ƙafa, ta Tibati da Yoko, suka haye kogin Sanaga, kaya a ka. Tun 1973 ake tseren Dutsen Kamaru a Buea, dutsen da ya haura mita 4,000, kuma Sarah Etonge da ta cinye shi sau 7 ba Baturiya ba ce, uwar 'ya'ya ce 'yar ƙasar nan.

Yau jikokin fataken nan daga gida sai shago, daga shago sai masallaci. Hawan jini da ciwon suga kuwa sun zama hirar majalisa, kowa da ƙwayoyinsa a aljihu. Yaranmu ba su da filin wasa sai lungu da bakin kwata; 'yan mata ko wannan ba su samu ba. Muna koya musu cewa Yawunde birni ne mai tuddai bakwai, alhali ba su taɓa hango unguwarsu daga kan ko ɗaya ba.

Asabar ta farkon wata, bayan sallar asuba, za mu sake fita da yaran. Malamai mata za su raka 'yan mata. Kowa ya zo da ruwansa da takalmin da ba ya santsi. Mun aika wa Alhaji ma, ya ce zai duba.