RA'AYINMU: Kazar Da Ta Gifta A Majigi

Akwai wani labari da jami'an majigi na zamanin mulkin mallaka suka daɗe suna bayarwa a tsakaninsu, har ya kai ga Marshall McLuhan ya kawo shi cikin littafinsa na 1962. Wai an je wani ƙauye a nan Afirka da fim ɗin tsabta, inda wani duba-gari yake nuna yadda ake zubar da ruwan da ya kwanta a cikin gwangwanaye don kada sauro ya sami wurin haihuwa. Da aka gama aka tambayi jama'a abin da suka gani, sai suka ce sun ga kaza. Masu fim suka yi mamaki, domin a saninsu babu kaza a ciki. Da suka koma suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai ga kaza ta gifta ta wata kusurwa, ba ta ko yi daƙiƙa biyu ba. Turawa suka ɗauki wannan hujja ce cewa mutumin ƙauye bai iya kallon fim ba. Mu kuwa namu karatun daban ne. Mutanen nan sun ga abin da mai ɗaukar hoto da mai tacewa suka kasa gani a cikin aikin hannunsu, kuma da aka tambaye su suka faɗi gaskiyar abin da idonsu ya gane musu.

Abin da ya tuna mana da wannan kaza shi ne gardamar da kan ɓarke a ɗakin hutawar ɗalibai duk daren da aka kalli fim ko wasan talabijin. Wani zai ce jarumin ya shiga ɗaki da hula ja ya fito da baƙa. Wani zai ce ta yaya matar da aka ce ba ta san gidan ba ta tafi kai tsaye ba tare da tambaya ba. Sai na uku ya fusata, ya ce ku bar mu mu sha kallo, ai wasa ne. Mun ga ya kamata wannan mujalla ta tsoma baki, domin a ganinmu gardamar tana da amfani matuƙa, muddin an san irin kuskuren da ake magana a kansa da kuma nauyin da ya dace a ɗora masa.

Mafi sauƙi shi ne kuskuren ɗauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake shirya fim ya san ba a bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Fitowa guda ta minti uku tana iya cin kwana biyu, a ɗauke ta sau da yawa daga kusurwoyi dabam-dabam, sa'an nan mai tacewa ya zaɓi guntaye ya ɗinka su. Shi ya sa ake ajiye ma'aikaci na musamman wanda aikinsa kawai ya lura da inda kowane abu yake: yawan shayin da ya rage a kofi, hannun da aka riƙe sanda da shi, maɓallin da yake a ɓalle. In ya yi gyangyaɗi, sai abin kunya ya fito. A cikin fim ɗin Alfred Hitchcock na 1959, North by Northwest, akwai yaro a zaune a gidan abinci da ya toshe kunnuwansa kafin a harba bindiga, saboda ya riga ya ji ƙararta a ɗaukar da aka yi ta maimaitawa. A watan Mayu na 2019 kuma masu kallon Game of Thrones suka hango kofin gahawa irin na takarda a kan teburin liyafar sarakunan da ke yaƙi da takubba, har kamfanin HBO ya goge shi daga hoton cikin 'yan kwanaki. Irin wannan abin dariya ne, a yi raha a wuce. Ko gwanin masaƙa yakan bar zare a waje.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne giɓin labari, wato inda labarin ya yi tufka da warwara, ko ya bar tambayar da shi kansa ya ta da ba amsa. Lokacin da Howard Hawks yake shirya The Big Sleep, wanda ya fito a 1946, shi da abokan aikinsa sun rasa gane wanda ya kashe direban motar da aka tsamo gawarsa daga teku. Suka aika wa Raymond Chandler, marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, da waya suna tambaya. Shi ma ya amsa cewa bai sani ba. Fim ɗin ya fito da giɓinsa, kuma har yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan Amurka. Darasin da ke nan shi ne, giɓi yana rage darajar aiki gwargwadon yadda labarin ya dogara a kan wurin da ya tsage. Rami a gefen hanya ba ɗaya yake da rami a tsakiyar gada ba.

A nan ne kuma mai neman kuskure ya kamata ya yi hattara da kansa. Shekara da shekaru ana yawo da maganar cewa a cikin Citizen Kane na 1941 babu wanda ya ji kalmar ƙarshe da attajirin ya furta kafin ya cika, alhali fim ɗin gaba ɗaya neman ma'anar kalmar ne. Amma wanda ya yi haƙuri ya kai ƙarshen fim ɗin zai ji babban baran gidan yana cewa shi ya ji ta da kunnensa. Haka nan gardamar Titanic na 1997, ko allon katakon da yarinyar ta hau zai iya ɗaukar mutum biyu. An yi ta ja-in-ja har James Cameron ya sa aka gwada abin da mutane a cikin ruwan sanyi, aka nuna a 2023. Wannan tambaya ce ta nauyi da sanyi da juriyar jiki, ana iya saɓani a kanta ba tare da labarin ya ƙaryata kansa ba. Inda Cameron ya yi kuskure na zahiri shi ne taurari: masanin falaki Neil deGrasse Tyson ya nuna cewa samaniyar da aka nuna ba ita ce ta daren da jirgin ya nutse a 1912 ba. Da aka sake fitar da fim ɗin a 2012, sai ga taurari an gyara su. Mai suka ya zo da hujja, mai aiki ya karɓi gyara. Da haka ake yi kullum da an huta.

Na uku shi ne wanda ya sa muka ɗauki alƙalami, wato ƙaryar tarihi. Braveheart na 1995 ya ci lambar Oska biyar, har da ta fim mafi kyau. Ya nuna yaƙin Gadar Stirling na 1297 a fili fetal ba gada, alhali ƙuncin gadar ne ya ba mutanen Sikotlan nasara, domin sun bari rundunar Ingila ta rabu biyu wajen ƙetarewa kafin su auka mata. Ya kuma nuna kamar William Wallace ne uban ɗan da gimbiya Isabella ta Faransa take ɗauke da cikinsa. An kashe Wallace a 1305, lokacin Isabella tana ƙaramar yarinya a ƙasarsu. Ba ta auri sarkin Ingila ba sai 1308, ɗanta Edward na Uku kuwa a 1312 aka haife shi. Miliyoyin mutane ba su da wani tarihin Sikotlan a kansu sai wanda suka gani a wannan fim.

In wannan ya yi mana nisa, to ga na gida. A 1935 aka fitar da Sanders of the River, labarin wani jami'in mulkin mallaka a Nijeriya wanda talakawa ba su da kwanciyar hankali sai in yana nan. Paul Robeson, Baƙar fatar Amurka da ya fito a matsayin sarki, ya shiga aikin da zaton za a nuna Afirka da mutunci. Da ya ga yadda aka tace fim ɗin ya zama kirarin daular Ingila, sai ya barranta da shi a bainar jama'a. A cikin wannan fim ba lallai a sami kofi a kan tebur ko hula da ta sauya launi ba. Ginin ne gaba ɗaya aka ɗora a kan karkataccen harsashi, kuma mai kallon da ya saba da farautar ƙananan kurakurai kaɗai zai iya fita daga silima yana yabawa.

Har ila yau, lokacin da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, masu kallo da yawa a Arewa sun koka a kan sutura da al'adu da yadda aka sarrafa tarihin Zazzau. Kukan yana kan hanya, kuma muna goyon bayan duk wanda ya ƙi yarda a yi wa tarihinsa riƙon sakainar kashi. Sai dai muna tambayar 'yan'uwanmu ɗalibai: mu nawa ne cikin masu kukan muka san cewa masana ba su ma daidaita a kan zamanin Amina ba? Tarihin Kano ya ajiye ta a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, wasu malaman tarihi kuwa suna kai ta ƙarni na 16. Wanda zai ce an yi wa tarihi ƙarya, wajibi ne ya fara sanin abin da aka rubuta, da wanda ya rubuta, da inda ruwayoyi suka saɓa. In ba haka ba, ya zama makaho mai jagorar makaho.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne ga mai jarrabawa a gabansa. Ba mu yarda ba. Yawancin masu karanta wannan shafi gobe za su zauna a bayan tebur a ma'aikatu da kotuna da makarantu, wasu ma sun riga sun zauna. Za a ajiye musu fayil, a ciki an ce an kai buhun taki ɗari biyar ƙauye kaza ranar Talata, a shafi na gaba kuma takardar motar da ta ɗauka tana nuna ranar Alhamis. Za a kawo musu rahoton rijiyar da aka biya kuɗin haƙa ta sau biyu. Idon da ya lura cewa hular jarumi ta sauya shi ne idon da zai lura cewa kwanan watan bai yi daidai ba. Hankalin da ya saba tambayar yadda aka yi wance ta san gidan shi ne zai tambayi yadda aka yi ɗan kwangila ya san farashin da abokan takararsa suka rubuta. Ma'aikacin da ya koyi cewa "ai wasa ne, a bar shi" tun yana ɗalibi, zai iya cewa "ai gwamnati ce, a bar shi" ranar da biro yake hannunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga kwamitin wasanni da nishaɗi na ƙungiyarmu da ya ware rabin sa'a bayan kowane fim da aka nuna don tattaunawa, da shugaban zama da ƙa'ida. Wanda ya ce ya ga kuskure ya faɗi fitowar da abin ya faru, a mayar da hoton baya kowa ya gani, tunda na'urorin yau sun sauƙaƙa wannan. Ya kuma faɗi ajin kuskuren, na ɗauka ne ko na labari ko na tarihi. In na tarihi ne ya zo da madogararsa daga laburare. Wanda aka nuna masa cewa shi ne bai kalla da kyau ba, ya amsa a gaban jama'a ba tare da jin kunya ba, domin wannan ma wani darasi ne da ofisoshinmu ke matuƙar bukata.

Ga masu shirya finafinai da wasannin talabijin na Hausa kuwa, shawararmu ita ce kada su ɗauki mai gyara a matsayin maƙiyi. Tun daga Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 zuwa finafinan da ake yi a Kano yau, masu kallonmu ba su taɓa zama marasa ido ba. Jikokin waɗanda suka ga kazar nan ne. Wanda ya tsaya ya ƙirga maɓallan rigar jaruminka ya ba aikinka lokacinsa da hankalinsa, kuma ya cancanci ka saka masa da aikin da aka duba sau biyu kafin a fitar.

Shafin wasiƙu na fitowa ta gaba a buɗe yake ga duk wanda ya ga mun yi kuskure a cikin wannan sharhi. Ya dai zo da hujjarsa. Allah ya sa mu dace.