Raddi Ga Masu Cewa Xenogears Rabin Wasa Ne

Tun da kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da Xenogears a na'urar PlayStation a watan Fabrairun 1998, jayayya a kansa ba ta lafa ba. Akwai hukuncin da ya yaɗu tsakanin masu sharhin wasannin bidiyo har kowa ya haddace shi: wai wasan bai kammala ba, wai labarinsa aro ne, wai falsafarsa burga ce, wai buga shi ma azaba ce. Wasu daga cikin zarge-zargen suna da tushe. Amma hukuncin da aka ɗora a kansu, cewa wasan ya gaza, ba shi da madogara.

Babbar hujjarsu ita ce faifai na biyu. A faifai na farko, mai wasa yana tafe da Fei Fong Wong, saurayin da ya manta asalinsa, tun daga ƙauyen Lahan wanda ya hallaka a hannunsa daren da ya shiga ƙaton saƙagon yaƙi mai suna Weltall. Daga nan ya ratsa hamadar Aveh, ya sha ɗauri a Kislev, har ya kai Solaris, daular da ke lilo a sararin sama tana juya mutanen ƙasa yadda ta ga dama. Da an sa faifai na biyu sai salo ya sauya. Fei ko abokiyar tafiyarsa Elly na zaune a kujera, hotuna na wucewa, rubutu na ba da labarin abin da ya faru, sai jefi-jefi a saki mai wasa ya kara da wani babban abokin gaba. Ba mai musun wannan.

Abin da masu sukar ke tsallakewa shi ne dalili. A shekarar 2017, darektan wasan, Tetsuya Takahashi, ya shaida wa shafin Kotaku cewa ma'aikatansa matasa ne sababbin hannu, kuma wa'adin shekara biyu da kamfanin ke ba kowane aiki bai ishe su ba. An ba shi shawarar ya tsaya a ƙarshen faifai na farko, inda Fei da abokansa suka kuɓuta daga Solaris. Shi kuwa ya zaɓi ya kai labarin ƙarshensa ko da a zaune ne. To, me ke cikin faifan da ake rainawa? A nan ne aka warware yadda aka yi aka samu Id, jan mutumin nan da ke rusa duk abin da ya tarar. A nan aka bayyana alaƙar jirgin Eldridge, wanda ya faɗo a farkon wasan, da asalin mutanen wannan duniya shekara dubu goma da suka wuce, da kuma abin da ya ɗaure Fei da Elly tun daga wancan zamani. Da an bi shawarar farko, da duk waɗannan tambayoyi sun tafi ba amsa, kuma wannan ne zai cancanci sunan rabin wasa. Abin da aka yanke shi ne garuruwan da za a shiga da yaƙoƙin da za a buga da hannu. Asara ce ta gaske, amma labari ya kai gaci. Da babu gara ba daɗi.

Sai batun aro. Suka ce an kwaikwayi Neon Genesis Evangelion, shirin zanen talabijin na 1995, tunda a duka biyun akwai saurayi mai raunin zuciya a cikin ƙaton saƙago da sunaye daga littattafan Yahudu da Kirista. Kamannin suna nan. Sai dai yaron da yaƙi ya jefa cikin saƙago ba Evangelion ya ƙirƙiro shi ba, Mobile Suit Gundam ya yi hakan tun 1979. Takahashi bai ma ɓoye inda ya ɗebo ba: masana'antar abincin Solaris, inda ake sarrafa mutane a ciyar da mutane, sunanta Soylent, daga fim ɗin Amurka na 1973. Abin da ke nasu shi da matarsa Soraya Saga, wadda suka tsara labarin tare, shi ne ginin tarihin. Littafin Perfect Works da kamfanin ya wallafa ya nuna wasan kashi na biyar ne cikin shida na dogon tarihin da suka zana. Mai kwafe ba ya wannan wahala.

Zargin burga ya fi sauran rauni. Id kalma ce daga ilimin Sigmund Freud, amma a wasan ba ado ba ce. Mai wasa zai daɗe yana tsoron Id, yana ganin ɓarnarsa, kafin ya gane cewa ɓangare ne na Fei kansa, wanda ya tsage daga gare shi saboda azabar gwaje-gwajen da aka yi masa yana ƙarami a gaban mahaifiyarsa. Ra'ayin masanin ya zama ƙashin bayan labarin. Haka batun addini, wanda ya sa Square ya yi jinkirin kai wasan Amurka har sai Oktoban 1998. Deus, abin da ake bauta wa a labarin, makami ne ƙirar hannun mutane, kuma cocin Ethos kayan aikin Solaris ne na mallakar talakawa. A gefe guda an nuna mabiya addinin Nisan da mutunci, an kuma nuna Billy, matashin limamin da ke riƙon marayu, a matsayin mai gaskiya da shugabanninsa suka yaudara. Wasan yana sukar masu cin kasuwa da imanin mutane ne. Duk da haka ba na yara ba ne, kuma iyaye su san da wannan. Gaskiyar masu suka a nan ɗaya ce: zuwa ƙarshe sunaye sun yi yawa, fassarar Ingilishi kuma, wadda Richard Honeywood ya ƙarasa kusan shi kaɗai cikin matsin lokaci, ta ƙara duhu a wasu wurare.

A kan bugawa kuwa, sai a ba su abin da ke nasu. Hawan Hasumiyar Babel, inda ake tsalle da saƙago, faɗa ya katse tsallen, a faɗo a sake daga ƙasa, aibi ne da ba za a iya kare shi ba. Rubutun yana fita a hankali kuma ba dama a hanzarta shi. Amma faɗan kansa ya sha gaban na tsararrakinsa da dama. Madannai uku ne, na bugu mai sauƙi, matsakaici da mai ƙarfi, kuma jera su ta wata hanya ne ke koya wa jarumi sabon salon kisa. In aka hau saƙago lissafi ya canza, domin kowane bugu yana shan mai, wanda ya yi almubazzaranci kuma zai tsaya cak a tsakiyar fage. Garuruwan ma an gina su ta yadda ake juya kyamara a kewaye su, saɓanin Final Fantasy VII na 1997 da ya dogara da zanannun hotuna. Kiɗan Yasunori Mitsuda kuwa ko masu sukar ba sa taɓa shi.

Zuwa Maris na 2003 an fitar da kwafi miliyan 1.19. Takahashi ya bar Square ya kafa Monolith Soft a 1999, inda aka haifi Xenosaga a 2002 da Xenoblade a 2010. Wasan da ya gaza ba ya barin irin wannan zuriya. Xenogears cikakken labari ne da lokaci ya tauye bugawarsa, kuma har yau ba a taɓa sayar da shi a hukumance a Turai ba. Ya kamata Square Enix, mai haƙƙinsa, ya sake fitar da shi a na'urorin zamani, ya gyara saurin rubutun da fassarar.