Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sabunta Tsofaffin Shirye-shirye a Faifai

 

Ya ku 'yan'uwa da 'ya'yana masu wannan sana'a, na nesa da na kusa, abin da ya tayar da wannan wasiƙa wata ɗabi'a ce da ke neman zama ruwan dare a cikinku. A ɗauko tsohon shiri mai dogon zango na ƙagaggun labaran kimiyya, a bi hotonsa da na'ura a goge shi tas har fuskar mutum ta daina kama da ta mutum, a zuba shi a faifai babu ko sharhi guda, sannan a rubuta a bayan kwali cewa an sabunta. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, yau kam zan amayar da ita.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara sauke wannan nauyi. Shirin Star Trek: The Next Generation, kashi 178 da aka nuna daga 1987 zuwa 1994, a fim mai milimita 35 aka ɗauke shi, amma a kaset ɗin bidiyo aka tace shi. Ke nan babu wani kammalallen fim da za a ɗauko a juya kawai. Daga 2012 zuwa 2014 abokan aikinku na CBS suka shiga ma'ajiya, suka zaƙulo asalin naɗe-naɗen da kyamara ta ɗauka, suka sake harhaɗa kowane kashi yanka bayan yanka, suka bar hoton a siffarsa ta 4:3 yadda aka tsara shi. Duk wanda ya ga jirgin Enterprise a wannan faifai ya ga aikin masu sassaƙa da talabijin ta ɓoye shekara da shekaru. Allah ya saka musu da alheri. To, yabon ya tsaya nan.

Maganata ta farko a kan barbashin fim ce, ɗige-ɗigen nan masu motsi da ake gani a jikin hoto. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune gaban kwamfuta yau sun ɗauka datti ne. Sun yi kuskure babba. Fim ƙwayoyin sinadarin azurfa ne ke kama haske a jikinsa, kuma daga waɗannan ƙwayoyi hoton kansa yake samuwa. Manhajar da kuke sa wa ta rage su ba ta san bambancin barbashi da saƙar tufa ba, ba ta san bambancinsa da gashin gira ko ramukan fata ba. Idan kun matsa mata, duka take kwashewa. Sai fuska ta yi sumul, kayan sarkin ma'aikatan jirgi su rasa zarensu, kwalliyar da mai gyaran fuska ya yi awoyi yana manna wa ɗan wasa don ya zama halittar wata duniya ta koma wani abu mai sheƙi marar rai. Bayan haka kuma ku ƙara wa gefen komai kaifi don ku rufe ɓarnar, sai wani farin zobe ya kewaye kan mutum. Garin gyaran gira an rasa ido.

Na san dalilin da ba ku cika faɗa ba. Barbashi yana cin wuri a faifai. Faifan Blu-ray mai hawa biyu gigabait 50 yake ɗauka, kuma hoton da aka goge ya fi sauƙin matsewa, don haka ana iya cusa kashi da yawa a faifai ɗaya a rage kuɗin bugawa. In haka ne, ku kira abin da sunansa, tsimi ne. Kada ku ce mana tsafta ce. Ko a aikin nan da na yaba, zango na biyu da aka miƙa wa wani kamfani na waje ya fito da hoto marar daidaito da siddabarun da bai kai na zangon farko ba, masu kallo suka yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu.

Ƙanwar wannan cuta ita ce datse hoto don ya cika allo mai faɗi. Ku dubi abin da ya sami Babylon 5, shirin J. Michael Straczynski mai kashi 110 da aka nuna daga 1994 zuwa 1998. 'Yan wasan an ɗauke su ta yadda hoton zai iya faɗaɗa, amma jiragen sama jannati da yaƙe-yaƙen da aka zana da kwamfuta a 4:3 aka fitar da su. Da aka zo yin DVD, sai aka yanke sama da ƙasan waɗannan wurare aka buɗa abin da ya rage. Duk inda ɗan wasa ya haɗu da zanen kwamfuta a hoto ɗaya, sai ka ga hoton ya dushe ya yi hazo. Kusan shekara ashirin mutane suna kallon shirin a haka, kafin a mayar da shi siffarsa ta asali a 2021. Tela ne aka ba shi babbar rigar gado ya ɗinke yagar da ke wuyanta, sai ya datse hannayenta don ta dace da yayi.

Magabatanku ba haka suka yi aiki ba. Robert Harris, wanda ya farfaɗo da Lawrence of Arabia a 1989, ya daɗe yana gargaɗi a kan goge barbashi, domin a wurinsa aikin mai gyara shi ne ya mayar da fim kamar yadda masu shi suka bar shi. Ku dubi kuma ƙungiyar nan ta masu gyaran Doctor Who, irin su Steve Roberts da Peter Crocker a ɓangaren hoto da Mark Ayres a ɓangaren sauti. Su abin da suka gada kango ne, domin BBC ta goge kasakasai masu yawa na shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su. Duk da haka sun bi sawun duk abin da ya rage. Da suka so maido da launin kashi na uku na Planet of the Daleks, a jikin kwafin baƙi da fari suka bi sawun wasu ƙananan ɗigo da siginar launi ta bari, suka karanto launin daga nan. Da wani mai gaggawa ya riga su ya goge waɗannan ɗigo da sunan tsafta, da shi ke nan, launin ya tafi har abada.

Mu nan ma muna da hannu a wannan tarihi. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin da ke Jos, cikinsu har da kashi tara na Doctor Who na zamanin Patrick Troughton da aka fid da rai da su, na The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin waɗanda suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97. Shekaru aru-aru waɗannan gwangwanaye suna ajiye a kan kanta, ba wanda ya taɓa abin da ke cikinsu, shi ya sa suka iso hannun masu gyara da gaskiyarsu. Abin yana yi mini ciwo in tuna cewa ƙura da mantuwa sun fi wasu ƙwararrun yau riƙon amana.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Shirye-shiryen Star Trek na Deep Space Nine da Voyager har yau a DVD suka tsaya, domin sake harhaɗa su daga fim zai ci kuɗi mai yawa, kuma yawancin siddabarunsu sai an sake zana shi. Na san akwai masu raɗa muku cewa ku zuba tsohon kaset a manhaja ta kumbura shi. Ku ji tsoron Allah. Manhajar nan ba ta gano abin da ya ɓace, cankensa take yi. Ido da haƙori da rubutun jikin bango, duk nata ne, ba na kyamara ba. Shirin gaskiya na What We Left Behind na 2019 ya nuna wasu mintoci na Deep Space Nine da aka ɗauko daga asalin fim, kowa ya ga abin da ke kwance a ma'ajiya yana jira. In ba za ku iya yin aikin ba, ku bar shi ga wanda zai iya. In kuma dole ta sa kun kumbura wani wuri, ku faɗa. A faifan gwaji na The Next Generation na 2012 an rasa fim ɗin daƙiƙa 13 na kashin Sins of the Father, aka cike gurbin da kaset, aka kuma sanar da masu saye. Daƙiƙa 13 kacal, amma ba a ɓoye ba.

Maganata ta biyu a kan ƙarin abubuwan da ke biyo faifai ce: sharhin murya, da hira da ma'aikata, da wuraren da aka yanke. A Disamba 2023 Babylon 5 ya fito a Blu-ray da hoto mai kyau, amma sharhin da Straczynski da 'yan wasa suka yi wa DVD bai biyo shi ba. Wannan shiri ya rasa 'yan wasansa da dama, irin su Andreas Katsulas da Richard Biggs da Jerry Doyle da Mira Furlan. Ba za a sake zaunar da su gaban makirufo ba. Duk wata hira da aka naɗa da irin waɗannan mutane ta zama tarihi, kuma wanda ya bar ta a tsohon faifan da ya daina fitowa ya binne ta ne. Ku kwatanta da zango na biyu na The Next Generation, inda aka sake gina doguwar siga ta The Measure of a Man saboda marubuciyarsa Melinda Snodgrass ta adana kaset ɗin VHS na yankan farko. Ku kwatanta da Blu-ray na Star Trek na asali a 2009, inda aka ba mai kallo zaɓi tsakanin siddabarun shekarun 1960 da sabon zanen kwamfuta na 2006. Wanda ya sayi faifai a zamanin da komai ke yawo a intanet, ajiya yake nema da ilimi. In kun ba shi hoto tsirara, me ya bambanta ku da mai tura fim a waya? Kuma tallar minti biyar da kowa ke yabon kowa a ciki ba ƙari ba ce, cika kwali ce.

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Na san ba ku ke yanke kasafi ba, na san cinikin faifai ya ja baya, na san da yawanku kuna yin faɗan nan a ofis ba tare da mun ji ba. Amma hannunku ne a kan na'ura, kuma sau da yawa kwafin da kuka fitar shi ne zai zama na ƙarshe da jikokinmu za su gani.

Don haka roƙona huɗu ne. Ku bar barbashi inda yake, ku cire ƙura da karce kawai. Ku bar hoto a siffar da aka tsara shi. Ku rubuta a kwali duk inda kuka kumbura ko kuka sauya. Ku kwaso duk wani tsohon sharhi da hira zuwa sabon bugu, sannan ku gaggauta naɗar muryar waɗanda suka rage tun suna raye. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ba ku ikon riƙe amana.

Wassalam. Naku, dattijo mai kallo da ƙaunar aikinku.