HIRAR WATA: Dabbar kallo ita ma tana kawo abinci



A karkara muna auna bisa da abin da take ba mu. Saniya nono, akuya kuɗɗin magani, jaki ɗaukar ruwa, raƙumi tafiya mai nisa. Shi ya sa in anka ce ma mutum a tsare raƙumin dawa, ko a bar yaro ya yi kiwon doki, sai ya ce: "Dabbar da ba a tatsa, ba a yankawa, mi za ta ba ni?" Tambaya ce ta mai hankali. Ita za mu duba wanga wata.

Mu fara da raƙumin dawa. Kakanninmu sun san shi. Da can yana yawo tun daga ƙasar Senegal har tabkin Cadi. Harbi da fari da saran itace sunka gama da shi ko'ina. A shekarar 1996 da anka ƙidaya, 49 kaɗai sunka rage a duk Afirka ta Yamma. Dukansu a Nijar suke, wajen garin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. Ku duba fa, 49! Akwai makiyayin da garkenshi shi kaɗai ya fi haka.

Gwamnati ta hana kashe shi, kuma dokar farauta ta 1998 ta sa shi cikin dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan. Amma doka ita kaɗai ba ta tsare daji. Mutanen wurin ne, Zabarmawa manoma da Fulani makiyaya, sunka yarda su zauna da shi. A 2017 da anka sake ƙidaya, sun wuce 600.

Kar ku yi tsammanin an yi musu shinge. Babu shinge. Cikin gonakin mutane suke yawo. Da damina suna bisa tudu, cikin daji mai geza da taramniya. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo yake da yawa. Kowane manomi ya san halin gawo: yana kaɗe ganye da damina, yana toho da rani. To, lokacin da sauran itatuwa sunka bushe, gawo ne abincin raƙumin dawa. Wanda ya bar gawo a gonarshi ya samu taki, bisashenshi sun samu ƴaƴan gawo, raƙumin dawa kuma ya samu ganye can sama inda akuya ba ta kai.

Ina kuɗɗi sunka shigo? Ta wurin kallo. Baƙi sunka riƙa fitowa daga Yamai, wasu ma daga Faransa da sauran ƙasashe, don su gan shi da idonsu. Baƙo ba ya shiga daji shi kaɗai. Yana biyan kuɗɗin shiga, kuma dole ya ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen wurin. Ƴan jagoran nan sun kafa ƙungiyarsu. Ɗiyan manoma ne. Sun san sawu, sun san inda garke ya kwana, sun san wadda ke da ciki. Sanin daji da muke gani kamar ba komi ba, shi ne ya zama musu sana'a. Bayan haka ƙungiyoyin da ke kula da raƙuman sun gina rijiyoyi a wasu garuruwa, sun ba mata rance don kiwo da ƴan saye da sayarwa.

Mu yi lissafi irin namu. In maharbi ya kada raƙumin dawa, nama ne na kwana kaɗan, sannan ga tsoron hukuma. In an bar shi, yana iya wuce shekara 20 a duniya. Ta macen tana ɗaukar ciki wata 15, ta haifi ɗa guda. Duk tsawon shekarun nan, kowane baƙon da ya zo sai ya biya, dabbar kuma tana nan ba ta ragu ba. Nama sau ɗaya ake sayar da shi. Kallo kuwa ana sayar da shi yau, a sake sayarwa gobe.

Amma ba za mu ɓoye ɗacin abin ba. Raƙumin dawa yana cin wake, yana cin mangwaro. Mun saba aza harawa bisa itace don kar awaki su ci. To, ga dabbar da tsayinta ke kai mita 5: abin da ka ɓoye ma akuya, ita ka aza mata a baki. Manoman Kure sun daɗe suna kuka da wannan, kuma suna da gaskiya. In ɗan jagora yana amsar kuɗɗi, mai wake kuwa ɓarna kaɗai yake gani, ya zama kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi. A ganina nan ne gindin maganar duka. Abin da kallo ya kawo dole a fitar da kason gari, a faɗe shi gaban kowa a ƙofar mai gari, a ce ga abin da ya shigo bana, ga inda ya tafi. Mutumin da ya sha ruwan rijiyar da raƙumin dawa ya gina ba ya ɗana mishi tarko. Wanda bai ga komi ba, wa'azi ba ya tsai da shi.

Akwai wani ɗacin da ya fi wannan. Ran 9 ga watan Agusta na 2020, ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 masu aikin agaji, da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Gwamnati ta rufe wurin a lokacin, kuma tun daga nan baƙin waje sun yi ƙaranci ƙwarai. Raƙuman ba su tafi ko'ina ba, suna nan suna cin gawo. Masu biya ne sunka ɗauke ƙafa, magidanta da yawa sunka rasa abin da suke kai gida.

Abin da wannan ya nuna shi ne, kasuwar da mai saye guda ke riƙe da ita ba ta da tabbas. Ina tambayarku: cikinmu mutum nawa ya taɓa ganin raƙumin dawa ido da ido? Ɗiyanmu na lakwal suna ganin shi a littafi. Ƴan kasuwarmu suna kashe kuɗɗi su tafi nesa, dabbar da babu irinta a duniya sai a ƙasarmu kuwa ba su gan ta ba. Ɗan ƙasa ba zai biya kamar na waje ba, gaskiya ne. Amma yana da yawa, kuma ba ya jiran jirgi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin raƙumin dawa ya komo ƙasar Maraɗi. Gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro, an keɓe shi tun 1955. Tsofaffin wurin sun san raƙumin dawa a can, kafin fari da harbi su ɓatar da shi cikin shekarun 1970. A watan Nuwamba na 2018 an kamo guda 8 daga wajen Kure, an ɗora su bisa manyan motoci, an yi tafiyar kilomita kamar 800 da su, an sake su a Gadabeji. A 2022 an ƙaro 4. Sun zauna, har sun fara haihuwa. Dalilin raba su kowane makiyayi ya san shi: ba a tara dukiya duka a rijiya guda, don in cuta ta faɗo kar ta share garke. Yanzu amanarsu tana hannun Fulani da Abzinawa da Hausawan da ke kiwo da noma a kewayen dajin.

To, kallon da ba ya jiran baƙon waje, muna da shi tun kaka da kakanni. Shi ne doki.

Ku tuna ranar hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, ko ta Maraɗi, ko Tsibiri, ko dawakin Doso masu lifidi. Wa ke cika fili? Mu ne. Mutanen ƙauye sun yi sammako, wasu a ƙasa, wasu bisa amalanke. Mai fura ta sayar, mai tsire ya sayar, makaɗi ya samu. Kafin ranar kuwa baduku ya ɗinka jalala da ragama, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa, mai sirdi ya sassaƙa, manomi ya sayar da harawa. Doki guda, gida nawa ya ciyar? Maƙwabtanmu na Kano sun riƙe nasu hawan da kyau, har a 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Namu bai gaza nasu ba wajen asali.

Amma hawa ba ya yiwuwa sai da mahayi, kuma mahayi tun yana yaro ake yin shi. Yau a garuruwa da yawa turke yana nan, dokin babu. An sayar an sayi moto. Ban zargi kowa ba, moto yana kai maras lafiya likita da sauri, yana kuma kawo kuɗɗin kabu-kabu. Sai dai kowa ya gani a 2023, da Najeriya ta janye tallafin man fetur, yadda kuɗɗin esansin bakin hanya ya tashi. Doki ba ya shan esansi. Abincinshi a gonarka yake fitowa, kashinshi kuma gonarka yake komawa.

Abin da doki ke yi ma yaro ya fi kuɗɗi, ga nawa ganin. Yaron da anka ba amanar doki dole ya tashi da asuba. Zai yanko ciyawa, ya ba da ruwa, ya share barga, ya goge mishi jiki, ya duba kofato ko ƙaya ta shiga. Ranar salla da ranar kasuwa duk ɗaya ne, doki sai ya ci. Kuma doki ba ya jin ƙarya. Mai garaje zai sha ƙasa, mai zafin hannu zai sha harbi. Yaro yana koyon haƙuri ba tare da an yi mishi faɗa ba, yana koyon tausayin abin da ba ya magana. Da rani, lokacin da babu aikin gona, samari na zaman banza ko suna shirin tafiya bida, mai doki yana da abin yi. Ana hayar dokinshi a hawan angwanci da saukar karatu, in mai gudu ne ya shiga sukuwa.

Duk yaronmu da dokin kara yake farawa, yana kaɗa shi da tsumagiya yana ta da ƙura. Sha'awar tana nan. Mai koyarwa ne ya yi ƙaranci. Dattijon da ya san doki, ya tara yara uku ko huɗu na unguwa. Kar a fara da sukuwa. A fara da ciyawa da ruwa, sai riƙon ragama, sai a ɗora yaro bisa tsohon doki mai sanyin hali, babba yana ja. Kilisa a bayan gari, ba cikin lungu inda ƙananan yara ke wasa ba. Wannan sukuwar cikin gari da wasu samari ke yi ranar buki, suna banke mutane, ba bajinta ba ce, kuma ita ce ke sa iyaye su ƙi abin. A koya ma yaro kar ya tsaya bayan doki. Kar ya zuba mishi hatsi da yawa lokaci guda, kumburin ciki na kashe doki. In ya yi gudu ya yi zufa, a zagaya da shi ya huce kafin ya sha ya ƙoshi. Linzamin da ke fasa baki da kaimin da ke huda ciki kuwa a rage su. Doki ba ya jure miki: ƙaramin rauni na iya sa jikinshi ya sandare. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a kira likitan bisashe.

Wani abu kuma, kar mu sa yaro cin bashi don ado. Doki mai ƙoshi da sirdi maras kwalliya ya fi ramamme cikin kayan alfarma.

Ina dokin da raƙumin dawa sunka haɗu? A ƙasashe kamar Kenya da Botsuwana ana kai baƙi kallon namun daji bisa doki, domin naman daji bai cika gudun mai ƙafa huɗu kamar yadda yake gudun ƙarar mota ba. Ban ga abin da zai hana samarin kewayen Gadabeji su yi haka ba, da doki ko da raƙumi, in sun shirya da ma'aikatan gandun daji. Sun san rairayin wurin, ga barewa, ga tuje, ga jan biri. Sharaɗi guda ne: a tafi sannu, a tsaya nesa, ba a kora. Wadda ke da ɗa ƙarami kuwa ba a matsa mata, harbinta na karya ƙashi.

Raƙumin dawa bai san iyakar gandu ba, yana iya yin tafiya mai nisa. In wata safiya kunka gan shi a gonarku, kar a bi shi da karnuka, kar yara su jefe shi. A gaya ma mai gari, shi kuma ya aika ma ma'aikatan gandun daji. In ya yi ɓarna, a kira shaidu biyu su gani tun sawu bai ɓace ba, a rubuta rana da sunan gona da abin da ya ci. Waken da ya bushe a yi saurin roro, a sa shi a rumbu mai rufi.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi hira bisa adana harawa da ciyawa don bazara.